Tambayoyi da Amsoshi Game da Salon Haruffa Mai Kama da Rubutun Hannu na Ɗai-ɗai

Duk wanda ya taɓa buɗe jerin salon haruffa a kwamfuta ya ci karo da wasu da suka yi kama da abin da mutum ya rubuta da hannunsa a gefen takarda. Akwai masu ƙaunar irin waɗannan haruffa har su saka su a kowane aiki, akwai kuma masu ƙyamarsu tun kafin su duba inda suke da amfani. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi kamannin wannan salo, tarihinsa, da yadda ake aiki da shi ba tare da an cutar da mai karatu ba.

Mene ne ake nufi da wannan salo?

Salon haruffa shi ne zubin zane guda da aka yi wa dukkan haruffa, lambobi da alamomin rubutu domin su fito da kama ɗaya a duk inda aka buga su, ko a takarda ko a allon kwamfuta da na waya. Rukunin da muke magana a kansa an zana shi ne don ya kwaikwayi rubutun da mutum yake yi da biro, fensir, alli ko alƙalamin maka a lokacin da hankalinsa yake kan saƙon da yake son isarwa. Abin da ake nufi da ɗai-ɗai kuwa shi ne kowane harafi yana tsaye da kansa, bai sarƙe da na gabansa ko na bayansa ba, kamar yadda ake koya wa yaro rubutu a shekarunsa na farko a makaranta, ko yadda ake neman mutum ya rubuta sunansa idan yana cike fom. Sanannu a cikinsu sun haɗa da Comic Sans, Segoe Print, Chalkboard, Bradley Hand, Tekton da Patrick Hand.

Mene ne bambancinsa da salon rubutun sarƙe da na ƙawa?

A rubutun sarƙe, alƙalami ba ya barin takarda sai an gama kalma, don haka kowane harafi yana da jelar da ke kai shi ga na gaba. Rubutun ƙawa kuma shi ne irin wanda ake gani a takardun shaida da katunan gayyata, mai lanƙwashe-lanƙwashe da zane mai siriri a wani wuri da kauri a wani. Dukkan ukun daga hannu suka samo asali, sai dai muryarsu ta bambanta. Na ƙawa yana magana da muryar girmamawa da biki, na sarƙe yana tuna wa mutum wasiƙa da sa hannu, shi kuwa na ɗai-ɗai muryarsa ta hirar yau da kullum ce. A cikin ukun shi ya fi sauƙin karantawa, musamman ga yara da waɗanda ba su saba da harshen da aka yi rubutun da shi ba, domin siffar kowane harafi a fili take.

Da waɗanne siffofi ake gane shi?

Siffa ta farko ita ce kaurin zanen kusan ɗaya ne daga farkon harafi zuwa ƙarshensa, saboda bakin biro ko na maka zagaye yake, ba ya fitar da bambancin kauri irin wanda alƙalami mai faffaɗan baki yake fitarwa. Ƙarshen kowane zane yakan zo a dunƙule, kuma galibi babu 'yan ƙafafun nan da ake gani a ƙasan haruffan Times New Roman da makamantansa.

Siffa ta biyu, wadda a ganina ita ce ran salon, ita ce rashin daidaiton da aka yi da gangan. Da'irar harafin o ba cikakkiya ba ce, sandar da ta gitta t takan ɗan karkace, kuma haruffan ba sa zama daram a kan layin da aka jera su: wannan ya ɗan hau, wancan ya ɗan nutse. Gwanintar mai zane tana bayyana ne wajen auna wannan rashin daidaito. Idan ya yi kaɗan, sai haruffan su fito kamar na inji da aka murɗe wa gefe, idan kuma ya yi yawa, ido zai gaji kafin a kai ƙarshen layi na biyu. Ƙwararren mai zane yakan bar siffar harafi ta sake, amma ya riƙe tsayin haruffa da tazarar da ke tsakaninsu da kyau, tunda waɗannan biyun ne suke sa kalma ta haɗu a ido ta zama abu guda.

Ta uku ta shafi wasu haruffa ne kaɗan. A littattafai, ƙaramin a yakan zo da hawa biyu, wato ƙugiya a sama da ciki a ƙasa, ƙaramin g kuma da zobe biyu. Mutane ƙalilan ne suke rubuta su haka da hannu. Yawancin salon rubutun hannu suna amfani da a mai da'ira da sanda, da g mai da'ira ɗaya da jela, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa malaman ƙananan azuzuwa suke sonsa.

Yaushe aka fara zana irin wannan salo?

Ya girmi kwamfutar gida da shekaru masu yawa. A 1951 kamfanin American Type Founders na Amurka ya fitar da Dom Casual, wanda Peter Dombrezian ya zana don ya yi kama da rubutun burushi da masu rubuta allunan talla suke yi cikin sauri. A 1989 kamfanin Adobe ya fitar da Tekton, wanda David Siegel ya gina a kan rubutun hannun Francis Ching, malamin zanen gine-gine, kuma nan da nan masu zanen gini suka karɓe shi saboda ya yi kama da irin rubutun da suke yi a kan taswirorinsu.

Shekarun 1990 ne suka buɗe ƙofar sosai, domin kwamfuta ta shiga gidaje da makarantu, kuma mutanen da ba sana'arsu ce ɗab'i ba suka samu damar zaɓar salon haruffa da kansu. A tsakiyar waɗannan shekarun aka samu Comic Sans, Bradley Hand da Kristen. Daga baya Apple ya kawo Chalkboard a 2003, Microsoft ya saka Segoe Print a cikin Windows Vista, kuma manhajar ajiye bayanai ta iPhone ta farko ta zo da Marker Felt a kan shafi mai launin rawaya kamar na littafin rubutu. Tun da aka buɗe rumbun haruffa na Google a 2010, irin wannan salo ya yawaita ƙwarai, kuma kowa yana iya samunsa kyauta.

Me ya sa ake yawan sukar Comic Sans?

Vincent Connare ne ya fara zana shi a kamfanin Microsoft a 1994, bayan ya ga samfurin wata manhaja mai suna Microsoft Bob da aka shirya don sababbin masu amfani da kwamfuta. A cikin manhajar akwai zanen kare da ke yi wa mutum bayani, kuma an rubuta maganarsa da Times New Roman, wanda salo ne na jarida da littafi. Connare ya ga hakan bai dace ba, sai ya zana haruffa masu kama da waɗanda ake rubutawa a littattafan labarin zane. Bai kammala a kan lokacin da za a saka shi a waccan manhajar ba, amma ya shiga cikin kayan ƙari na Windows 95, daga nan kuma ya bazu zuwa miliyoyin kwamfutoci.

Abin da ya jawo masa baƙin jini shi ne wannan yaɗuwar. Salon da aka zana don maganar kare a manhajar koyo sai ga shi a takardun asibiti, allunan gargaɗi da wasiƙun hukuma. Masu zane suna kuma kawo hujjoji na sana'a, musamman cewa tazarar da ke tsakanin haruffansa ba ta da daidaito idan an buga shi a takarda, domin an tsara shi ne don allunan kwamfuta na wancan zamani masu ƙarancin ɗigo. Maganar ta kai ga cewa ranar 4 ga Yuli, 2012, lokacin da masaniyar kimiyya Fabiola Gianotti ta gabatar da sakamakon binciken ƙwayar Higgs, wata ƙanƙanuwar ƙwaya da masana kimiyya suka daɗe suna nema, a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janiba a ƙasar Switzerland, mutane da yawa sun shagala da tattauna cewa shafukanta da Comic Sans aka rubuta su. A 2014 Craig Rozynski ya fitar da Comic Neue, wanda ya gyara siffofin da tazarar amma ya bar sakewar. Ra'ayina shi ne yawancin laifin da ake ɗora wa Comic Sans na waɗanda suka saka shi a inda bai kamata ba ne, kuma abin takaici ne yadda sukar ta sa wasu suke guje wa rukunin gaba ɗaya.

A ina ya fi dacewa a yi amfani da shi?

Ya fi dacewa da gajeren saƙo wanda ake son mai karatu ya ji kamar wani mutum ne yake yi masa magana kai tsaye. Katin gaisuwa da na godiya, takardun aikin yara, allunan aji, littattafan labarin zane, rubutun da ke cikin da'irar maganar mutanen da aka zana, takardar da ake mannawa a jikin kayan da aka yi da hannu, duk wurarensa ne.

Akwai wani amfani da ba a cika kula da shi ba, kuma ina ganin shi ne mafi ƙarfi, wato bayanin da ake ɗorawa a kan hoto, taswira ko zanen na'ura. Idan aka rubuta babban bayani da salon littafi, sannan aka ja kibiya zuwa wani sashe na hoton aka rubuta kalmomi uku ko huɗu da salon hannu, mai karatu zai gane nan take cewa wannan tsokaci ne da aka ƙara, kamar yadda malami yake rubuta gyara a gefen aikin ɗalibi. Masu tsara manhajoji ma suna amfani da wannan dabara a zanen farko da suke nuna wa masu aikin, domin haruffan hannu suna sanar da cewa abin da ake gani daftari ne, ana iya canza shi, kuma hakan yana sa mutane su saki jiki su faɗi ra'ayinsu a kan tsarin maimakon su tsaya gardama a kan launi.

A ina ne bai kamata a saka shi ba?

A duk inda ake buƙatar mai karatu ya ɗauki magana da nauyinta, ko inda kuskuren harafi ɗaya zai iya jawo asara. Yarjejeniya, takardar neman aiki, rahoton kuɗi, sanarwar rasuwa, wasiƙar kora daga aiki, umarnin shan magani da allon gargaɗin haɗari duk suna cikin wannan. Mutumin da aka kai wa labari mai nauyi cikin haruffa masu fara'a zai iya jin kamar ba a ɗauki halin da yake ciki da muhimmanci ba, ko da marubucin bai yi nufin haka ba. Jadawalin lambobi ma ba wurinsa ba ne, domin a yawancin salon hannu faɗin lambobin ya bambanta, don haka ba sa jeruwa a ƙarƙashin juna yadda za a iya haɗa lissafi da ido.

Za a iya rubuta dogon bayani da shi?

Za a iya, amma ba a so. Mai karatu da ya ƙware ba ya bin haruffa ɗaya bayan ɗaya. Idonsa yana tsalle ne daga wuri zuwa wuri a kan layi, yana dogara da daidaiton siffofi don ya gane kalmomi da sauri. Rashin daidaiton da ke ƙawata kanun magana yakan zama nauyi idan ya kai shafi guda. Sakin layi ɗaya ko biyu ba laifi. Fiye da haka, gara a koma ga salon da aka zana don dogon karatu, a bar na hannu ga kanu da tsokaci.

Gaskiya ne ya fi taimakon yara da masu matsalar karatu?

A nan akwai buƙatar taka-tsantsan. Abin da yake a fili shi ne yaron da ke koyon rubuta a mai da'ira da sanda zai fi saurin gane ta a takarda idan ta zo da wannan siffar. Wannan tunanin ne ya sa Rosemary Sassoon, mai bincike a kan rubutun hannu a Ingila, ta yi aiki da yara a shekarun 1980 kafin a fitar da salon da ke ɗauke da sunanta, wanda makarantu da masu buga littattafan yara suke amfani da shi. Ƙungiyar SIL, mai aikin nazari da bunƙasa harsuna, ita ma ta zana Andika don masu koyon karatu, kuma duk da cewa shi ba salon hannu ba ne kai tsaye, ya ɗauki siffofin haruffa masu sauƙi irin na hannu.

Game da matsalar karatu da ake kira disleksiya, ƙungiyar da ke kula da masu wannan matsala a Birtaniya ta ambaci Comic Sans tare da Arial a cikin salon da take ba da shawarar amfani da su. Dalilin da ake bayarwa shi ne haruffansa ba su cunkushe ba, kuma b da d, ko p da q, ba su zama kamar hoton juna a madubi ba. Sai dai wannan bai nuna cewa kowane salon hannu yana da wannan fa'ida ba. Wasunsu sirara ne, matsattsu, kuma sun fi salon littafi wahalar karantawa. Girman haruffa, wadatar tazara tsakanin layuka da gajartar layi suna da tasiri babba, kuma abin da ya fi shi ne a bar mai karatun ya gwada ya zaɓi wanda ya fi masa sauƙi.

Me ya sa wani lokaci ake gane cewa ba hannu ne ya rubuta ba?

Saboda maimaici. Babu mutumin da yake rubuta harafi ɗaya sau biyu ya fito iri ɗaya sak, amma a fayil ɗin haruffa na yau da kullum zane ɗaya ne kawai ga kowane harafi. Idan kalma tana da a uku, ko n biyu a jere, ido yakan lura cewa tagwaye ne, kuma daga nan kamannin hannun ya rushe.

Maganin wannan yana cikin tsarin fayil ɗin haruffa mai suna OpenType, wanda Microsoft da Adobe suka haɗu suka samar a shekarun 1990. Tsarin yana ba mai zane damar ajiye siffa biyu, uku ko fiye ga kowane harafi, tare da ƙa'idar da ke sa manhaja ta riƙa sauya su gwargwadon harafin da ya gabata. Manhajojin buɗe shafukan intanet na zamani suna yin wannan sauyin da kansu, amma a Microsoft Word sai mutum ya shiga saitin haruffa ya kunna shi. Wanda yake son ya san ko salon da ke hannunsa yana da wannan baiwa, sai ya rubuta harafi ɗaya sau biyar a jere ya duba ko sun bambanta. Idan aikin kalmomi kaɗan ne, kamar tambarin kamfani, mafi kyau shi ne a rubuta su da hannu na gaske a ɗauki hotonsu, ko mai zane ya gyara haruffan da suka maimaitu ɗaya bayan ɗaya.

Da wane salo ya kamata a haɗa shi?

Da salo mai natsuwa wanda ba ya neman a kalle shi. Salo marar 'yan ƙafafu irin su Open Sans, Lato ko Verdana yakan zauna da shi lafiya, haka ma mai ƙafafu irin Georgia idan ana son bambancin ya fito sosai. Abin da ba a so shi ne haɗa salon hannu biyu a shafi ɗaya, domin sai ya zama kamar mutum biyu suna magana a lokaci guda. Yana da kyau kuma a raba musu aiki tun farko a tsaya a kai: idan na hannu shi ne na kanu da tsokaci, kada a ga shi kwatsam a tsakiyar bayani.

Yaya ake daidaita girma, tazara da launi?

Lambar girman da ake zaɓa a manhaja ba ta nuna ainihin girman da harafi zai fito da shi, domin tana auna akwatin da aka zana harafin a ciki ne, kuma kowane mai zane yana cika akwatin yadda ya ga dama. Salon hannu da yawa suna da ƙananan haruffa gajeru masu dogayen wuya da jela, don haka a girman 12 sukan fito ƙanana fiye da Arial a girman 12. Sau da yawa sai an ƙara musu lamba ɗaya ko biyu, an kuma buɗa tazarar layi domin jelar g da y kada ta taɓa kan b da k na layin ƙasa.

Game da launi, ƙa'idojin da ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta gindaya don sauƙaƙa karatu a intanet sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, da 3 bisa 1 ga manyan rubutu. Salon hannu mai siririn zane yana buƙatar a wuce wannan iyakar, musamman idan za a ɗora shi a kan hoto. Ya kamata kuma a guji danna maɓallin kauri ko na karkata idan salon bai zo da nasa ba, saboda manhaja za ta ƙirƙiro su ne ta hanyar kumbura zanen ko tankwasa shi, kuma hakan yana cike ramukan e da a har su dushe. Rubuta jimla gaba ɗaya da manyan baƙaƙe yana yin kyau a salon da aka zana don haka, kamar na masu zanen gini da na littattafan labarin zane, amma a sauran yakan fito a hargitse.

Me ya sa wasu haruffa suke fitowa da wani salo daban, ko su zama akwati?

Domin mai zanen bai zana su ba. Salon hannu da yawa, musamman na kyauta da mutum ɗaya ya yi, suna ɗauke ne da haruffan Ingilishi da wasu 'yan alamomi na harsunan Yammacin Turai kawai. Idan manhaja ta nemi harafin da babu shi, sai ta aro shi daga wani salo, ko ta nuna akwati a gurbinsa. A salon littafi aron ba ya cika fitowa fili, amma a salon hannu yana da muni ƙwarai, domin harafi ɗaya miƙaƙƙe a tsakiyar kalmar da sauran haruffanta suka sake yana ɗaukar ido nan take.

Wannan ya shafi duk harshen da ke da haruffa na musamman, kuma masu lanƙwasa irin su ɓ, ɗ da ƙ suna cikin waɗanda aka fi rasawa. Akwai ma wani abu da ke ƙara rikita lamarin: a tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ƙananan ɓ da ɗ suna cikin rukunin alamomin furuci, yayin da ƙ da manyan Ɓ, Ɗ da Ƙ suke cikin wani rukuni na daban, saboda haka ana iya samun salon da ke da wasu ya rasa wasu. Kafin a fara aiki, a rubuta dukkansu, manya da ƙanana, a ƙara girmansu, a duba ko kaurinsu da siffarsu sun yi daidai da sauran.

Na aika takarda, sai ta canza kama a kwamfutar wanda ya karɓa. Mene ne dalili?

Takardar Word ko ta PowerPoint galibi sunan salon take ɗauke da shi, ba fayil ɗinsa ba. Idan kwamfutar mai karɓa ba ta da shi, sai ta saka wani a madadinsa, layuka su gurgusa, shafuka su ƙaru ko su ragu. Segoe Print na Windows ne, Chalkboard kuma na Apple, don haka kowannensu yana iya ɓacewa a ɗaya ɓangaren. Hanya mafi sauƙi ita ce a mayar da takardar PDF kafin a aika, tunda shi yana tafiya da haruffansa a ciki.

Kowane salo da na samu a intanet zan iya amfani da shi a kasuwancina?

A'a. Fayil ɗin haruffa manhaja ce mai lasisi, kuma kasancewar ana iya sauke shi kyauta ba ya nufin an halatta kowane irin amfani. Da yawa daga cikin salon hannu da ke yawo a intanet an ba da su ne don amfanin kai kawai, wanda ke nufin saka su a tambari, kwalin kaya ko talla yana buƙatar lasisi na daban daga mai su. Waɗanda suka zo tare da Windows ko kwamfutocin Apple ana iya buga takardu da su, amma ba a yarda a kwafi fayil ɗin a raba wa mutane ko a ɗora shi a shafin intanet ba. Mafi sauƙin sha'ani su ne masu lasisin OFL na ƙungiyar SIL, wanda yawancin haruffan rumbun Google suke ƙarƙashinsa: ya halatta amfani a kasuwanci, gyarawa da rabawa, da sharaɗin kada a sayar da fayil ɗin shi kaɗai. Zana cikakken salo aiki ne na watanni, kuma mai zanen ya cancanci a mutunta sharaɗin da ya gindaya.

Zan iya mayar da rubutun hannuna salon haruffa?

Ana iya yi, kuma ya yi sauƙi fiye da da. Akwai shafuka irin su Calligraphr da ke ba da takarda mai akwatuna, mutum ya buga ta, ya rubuta harafi ɗaya a kowane akwati da baƙin alƙalami, ya ɗauki hotonta ya mayar, sai a haɗa masa fayil. Wanda yake son ya riƙe ragamar aikin da kansa zai iya amfani da FontForge, wadda kyauta ce, ko Glyphs da FontLab da ƙwararru suke aiki da su.

Zanen haruffan shi ne ɓangare mai sauƙi. Wahalar tana wajen daidaita tazara, domin kowane harafi yana buƙatar a auna filin da ke hagunsa da damansa, sannan a bi wasu tagwaye irin su T da a, ko r da y, a matso da su ko a nisanta su da hannu. Yana da kyau a rubuta kowane harafi sau uku aƙalla don a samu siffofin sauyawa, kuma a rubuta su da saurin da aka saba, saboda harafin da aka zana a hankali cikin akwati yakan fito a sandare. Kada kuma mutum ya saka sa hannunsa na banki ko na takardun hukuma a cikin fayil ɗin da zai raba wa wasu.

Yaya zan gwada salo kafin in zaɓe shi?

A gwada shi da ainihin kalmomin da za a yi aikin da su, domin samfurin da mai zane yake nunawa an zaɓe shi ne don ya fito da kyawun salon. Sai a jera babban I, ƙaramin l da lamba 1 a gefen juna, haka ma babban O da sifili, da r da n a jere kusa da m, a ga ko ana bambance su ba tare da tsayawa ba. Wannan yana da muhimmanci idan akwai lambar waya, adireshin imel ko kwanan wata a cikin rubutun. A duba alamar tambaya, waƙafi, baka da alamar zance, saboda su ne masu zane masu gaggawa suke bari a baya. Daga nan a buga shi a takarda da girman da za a yi amfani da shi, ko a buɗe shi a ƙaramar waya idan a allo za a karanta, a kuma tsaya a nisan da mai karatu zai tsaya. Idan aikin na yara ne ko na tsofaffi, a miƙa wa ɗaya daga cikinsu ya karanta da ƙarfi, a lura da kalmomin da ya yi tuntuɓe a kansu, sannan a koma a duba waɗanne haruffa ne ke cikin waɗannan kalmomin.